Zubi Biyu Ke Tayar Da Littafi



Sannu malamin firamare, kai da kake dawowa gida da ƙurar alli a hannun riga, ka ci tuwo ka jawo littafin rubutu. Sannu uwargida, ke da kike jira yara su yi barci, ki kife tukunya ki ɗauki waya ki kama dannawa har ido ya yi yaji. Sannu tela, sannu ɗan Kantin Kwari, sannu ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti, sannu direban a-daidaita-sahu da labari ke yi wa kai-komo a ka tun daga Bata har Kabuga. Allah ya yi muku albarka. Kaya biyu kuke ɗauke da su, na neman abinci da na labarin da ya hana ku sakat, kuma har yau ba ku yar da ko ɗaya ba.

To bari in tambaye ku. Ina littafin nan da aka fara bara? Ina babi 3 ɗin nan da aka rubuta da zafi-zafi cikin mako guda, aka karanta wa aminiya ta ce don Allah a ƙarasa? Yana ƙarƙashin katifa ne, ko yana cikin tsohuwar wayar da gilashinta ya fashe? Kada kunya ta kama kowa. Wanda ya fara ya riga ya nuna akwai wuta a murhu, itace kawai ake nema. Baiwa kuna da ita. Hausa tana bakinku. Labari kuwa, na unguwarku kaɗai ya ishe ku rubutun shekara 10. Abin da ya tsayar da tafiyar abu biyu ne, kuma Bahaushe ya raɗa musu suna guda: zubi. Akwai zubin da ake yi kullum irin na adashi. Akwai kuma zubin labari, wato yadda ake jera al'amura wani na jan wani har a kai ƙarshe. Duk wanda ya riƙe biyun nan, littafinsa zai tashi. Ku gyara zama mu duba su.

Zubin farko, irin na adashi

Wa ya taɓa ganin mai ƙosai ta sayi firji da cinikin safiya ɗaya? Adashi ta shiga. Ranar da layi ya yi tsawo ta zuba, ranar da ruwan sama ya kori masu saye ta zuba, ranar da wake ya yi tsada ta matse ta zuba. Ba ta taɓa aika wa uwar adashi cewa yau ba ta jin zubi ba. Ana nan ana nan sai ranar kwasa ta zo, aka sauke firji a ƙofar gida, maƙwabta suna mamaki. Ita ba ta yi mamaki ba, don ta san kowace naira da inda ta fito. Marubuci, ga malamarka nan a bakin titi. Koyi da ita!

"Bana zan rubuta littafi." Wannan fata ne, kuma fata nagari lamiri ne, amma fata ba ya cika shafi. "Shafi 2 kullum bayan sallar asuba, ban da Juma'a." Wannan shi ne zubi. Yi lissafin da kanka, ɗan kasuwa, ai lissafi aikinka ne. Shafi 2 sau kwana 6, shafi 12 ke nan a mako. Mako 26, wato rabin shekara, shafi 312. In da waya kike rubutu, 'yar'uwa, ɗauki kalma 300 a rana: kwana 100 kin tara 30,000, kwana 200 kin tara 60,000. Littafi ke nan sukutum, wanda za a ɗauka a ji nauyinsa a hannu. Shafi 2 ya fi ƙarfinka? Kalma 300 ta fi ƙarfinki? Saƙonnin da kuke turawa a WhatsApp kafin azahar sun ninka haka!

Amma kowa ya auna da mudunsa. Akwai mai iya shafi 5, akwai wadda goyo da girki da surukai suka bar wa rabin shafi. Rabin shafin nan, in dai kullum ne, ya fi shafi 20 da aka zazzage dare ɗaya aka yi wata 3 ba a waiwaya ba. Zaɓi mudun da za ka iya cikawa ranar da ka gaji, domin ranar da kake da ƙarfi ba ta bukatar alkawari. In ka cika ka ga da sauran kuzari, ƙara, wannan gyara ce. Sannu ba ta hana zuwa, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Sai ka kafa wa zubin lokaci da wuri. Lokacin da babu mai shi, kowa zai ɗauka: baƙo zai ɗauka, hira za ta ɗauka, waya za ta cinye ragowar. Wani tsakanin asuba da fitowar rana ne nasa, kafin gari ya tashi da hayaniya. Wani sai bayan isha'i. Ɗan kasuwa ya san sa'ar da ciniki kan lafa bayan azahar, ga benci ga inuwa, me ya rage? Tela ya san sa'ar da aka ɗauke wuta keke ya tsaya. Maimakon zaman tsaki, jawo biro. Sa'ar da wasu suke kira asara, kai mayar da ita jari.

Kuma ka nemi uwar adashi. Mutum ɗaya ya isa, wanda kake jin nauyinsa, wanda zai tambaye ka kowace Asabar, "Malam, ina zubin makon nan?" Ko matarka, ko mijinki, ko abokin rubutu, ko ƙungiyar marubutan garinku. Rataya kalanda a bango, duk ranar da ka cika mudu ka ja layi a kanta. In layukan suka jeru 20, kai da kanka ba za ka yarda a sami giɓi ba. Sannan ka sa ranar kwasa: kafin azumi na gama kashi na ɗaya, kafin Babbar Sallah na kai ƙarshe. Dubi yadda gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara wa mata a 2016, take fitar da labarai daga ɗakunan da aka daɗe ana cewa "sai na samu lokaci". Me ya fito da su? An sa rana, an sa iyakar kalmomi, sai hannu ya motsa. Sa wa kanka rana, ka ga aiki!

Ga wata dabara da iyayenmu mata suka sani tun kafin zuwan ashana. Da dare ba sa barin wuta ta mutu, sai su binne garwashi cikin toka, da safe a tona a hura. Kai ma kada ka tashi daga rubutu sai ka san abin da zai biyo baya. Tsaya a tsakiyar rigima, rubuta layi ɗaya a ƙasa: gobe Baffa zai shigo ya tarar da su. Da asuba ba za ka zauna kana kallon farar takarda ba, tonawa kawai za ka yi ka hura. Ranar da zubi ya kuɓuce maka kuwa, saboda jinya ko biki ko rasuwa, kada ka ɗora wa gobe bashin jiya har ya danne ka. Koma kan mudunka kamar ba a yi ba. Faɗuwa ba ta hana tashi, ci gaba!

Waɗanda suka share hanya ma ma'aikata ne

Kada wani ya ce maka rubutu na masu hutu ne. A 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar ƙagaggun labarai, su wa suka amsa kira? Malaman makaranta da ma'aikata. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta a Bauchi, ya rubuta Shaihu Umar tun ba wanda ya san zai zama Firayim Minista. Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi, John Tafida da East suka haɗa Jiki Magayi. Ba kwamfuta, ba intanet, ba wani ƙagaggen littafin Hausa na boko a gabansu da za su leƙa. Yau fiye da shekara 90 ke nan ana karanta su. Da aka kai Imam Zariya a 1936, cikin kimanin wata 6 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3 cur. Wata 6! Aiki ne aka yanka masa wa'adi, ya zauna ya cika.

Hafsat Abdulwaheed ta shiga gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, So Aljannar Duniya ya fito a 1980, ta buɗe wa mata ƙofar da ba ta sake rufuwa ba. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta nemi ilimi da girmanta, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar littafin nan da Turanci. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, shi da abokansa na ƙungiyar Raina Kama suka riƙa buga littattafansu da kansu suna kai wa kasuwa. An kira abin Adabin Kasuwar Kano, wasu da nufin raini. Sai ga shi ana nazarinsa a jami'o'i, ana karanta shi a gidajen rediyo, ana mayar da shi fim. Waɗannan mutane ba su fi ku sa'o'i a rana ba. Hanya sun share ta, saura ku taka!

Zubi na biyu, na labarin kansa

Yanzu ga mai zubi kullum, amma ya kai babi na 7 ya tsaya cak. Taurari sun yi yawa, kowa na yawo, an yi biki 3 an yi suna 2, labari bai matsa ko taku ɗaya ba. Me ya faru? An yanka yadi ba a yi awo ba. Tambayi tela: yana sa almakashi kafin ya ja alli? Tambayi magini: yana aza bulo kafin a ja igiya a haƙa tushe? Wanda zai yi ɗaki 4 da zaure tun a ƙasa yake sanin inda ƙofa za ta kalla. Malaman adabi suna ce wa wannan zubi da tsari. Ku kun daɗe kuna yin sa a sana'arku, sunan ne kawai baƙo. Ɗauko tef ɗinka, mu auna labari.

Awon farko tambaya 3 ne. Wane ne tauraro, kuma me yake so har ya hana shi barci? Wa ko me ya tare masa hanya? In bai samu ba, me zai rasa? Dubi Ruwan Bagaja. Ɗan sarki ba shi da lafiya, an ce ruwan Bagaja ne magani, an wulaƙanta dattijon da ya faɗa a gaban fada. Tauraron littafin, Alhaji Imam, ya fita nemo ruwan don ya wanke wannan wulaƙanci. Shi ke nan igiyar da ta ɗaure littafin. Gari bayan gari, karo bayan karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, dariya iri-iri, amma mai karatu bai taɓa manta abin da aka fito nema ba. A Shaihu Umar, an raba yaro da uwarsa, bauta ta ja shi har ƙasar Larabawa, uwa ta bi sawu. Tambaya ɗaya ke riƙe da zuciyar mai karatu: za su gana? Kai fa, mece ce tambayar littafinka? In ba za ka iya faɗa wa mai shayi ita kafin ya gama haɗa maka kofi ba, koma ka sake awo. In ka iya, ka sami tushe, fara gini!

Bari mu gwada da namu. Ga Ladidi, marainiya mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Baffanta ya ba da gonar mahaifinta jingina, in kaka ta wuce ba a fansa ba gona ta tafi, ita da ƙannenta 3 ba su da wurin shuka. Kun ga buri, kun ga cikas, kun ga abin da za a rasa, kun ga wa'adi. Layi 3 kacal, amma tuni wani ya fara tambaya, to yaya za ta yi? Da zarar an yi wannan tambaya, kin kama mai karatu, 'yar'uwa. Kada ki sake shi!

Awo na biyu, san masauki kafin ka ɗaura sirdi. Direban da ya tashi daga Kano ya san Legas za shi, ya san zai bi Zariya da Kaduna, ko da bai san ramin da zai ci karo da shi ba. Rubuta ƙarshen labarinka a takarda tun yau, ko da layi 2 ne. Sannan ka kafa zango 4 ko 5 tsakanin farko da ƙarshe: abin da ya tayar da ƙura, yunƙurin farko da ya ci tura, babban juyi a tsakiya, ranar da komai ya rushe, sai karon ƙarshe. Ɗauki takarda guda, kowane babi ka ba shi layi ɗaya: wa ke so, wa ya hana, me ya canza. Babi 20, layi 20. Manna ta a bango kusa da kalanda. In tafiya ta yi tafiya labari ya nuna maka wata hanya da ta fi, canza, ai alli ne, ana gogewa. Amma kada ka fita ba taswira. Mai taswira ko ya ɓata yana dawowa kan hanya.

Awo na uku shi ne wanda ya raba gwani da ɗan koyo: kowane al'amari ya zama ɗan wanda ya gabace shi. Ɗan koyo yana cewa, sai kaza ya faru, sai kaza ya faru. Gwani yana cewa, saboda haka, amma kuma. Dubi Alhaki Kuykuyo Ne. Alhaji Abdu ya auro Delu, saboda haka gida ya rikice. Rikici ya sa ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta, saboda haka ta kama sayar da abinci ta tsaya da ƙafarta. Tarbiyyar da ta yi wa 'yarta Saudatu ta kai yarinyar gidan mutunci. Ranar da gobara ta cinye shagon Alhaji, wa ya rage masa? Wadda ya wulaƙanta. Ba abin da ya faɗo daga sama, kowane ƙulli da zaren da ya ɗaure shi, har sunan littafin ma alkawari ne da marubuciyar ta cika. Haka Jiki Magayi: an ƙwace wa Abubakar Zainab da ƙarfin dukiya, ya tafi neman ramuwa, ramuwar ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Gwada babobinka da wannan ma'auni. Cire babi ɗaya ka gani. In labari bai yi ɗingishi ba, wannan babin ɗan rakiya ne, sallame shi. Bar masu aiki kawai!

Mu koma wurin Ladidi. Ta shiga adashi don ta tara kuɗin fansa, saboda haka ta ƙara yawan gyaɗar da take saye bashi. Amma gyaɗa ta yi tsada, saboda haka ta karɓi rance a hannun wani attajiri. Amma attajirin nan shi ne ke riƙe da jinginar a ɓoye, kuma aurenta yake so. Kun ga tsakiyar littafi ke nan, inda ƙasa ke juyawa ƙarƙashin ƙafar tauraruwa. Tsakiya ita ce inda yawancin littattafai ke mutuwa, domin marubuci ya ji tausayin tauraronsa ya daina matsa masa. Kada ka ji! Maƙeri ba ya tausayin ƙarfe, wuta yake ƙara masa har ya yi ja, sannan ya fitar da lauje. Kowane cikas ya fi na baya zafi. Na farko ya ci kuɗinta, na biyu ya ci amincinta da ƙawarta, na uku ya sa ta zaɓi tsakanin gona da mutuncinta. A wurin zaɓi ake gane hali, kuma hali ne mai karatu ke tunawa bayan ya manta sunan gari. Ƙara wuta!

Awo na huɗu, abin da za ka girba a ƙarshe shuka shi tun farko. In takardar shaidar da ke cikin gafakar mahaifin Ladidi ce za ta warware shari'a a babi na 19, to a babi na 2 mu ga gafakar rataye a bango, ƙaninta ya kai hannu a kwaɓe shi. Mai karatu zai wuce bai kula ba, ranar da aka buɗe ta sai ya dafe kai ya ce, ashe! Wannan "ashe" ita ce ladan marubuci. Amma ka fito da wani kawu mai kuɗi daga Saudiyya a shafin ƙarshe, wanda ba a taɓa jin sunansa ba, ya biya bashi ya tafi? Mai karatu zai ji an yi masa ƙwange. Manomi ba ya girbin inda bai shuka ba. Kuma bari tauraruwarka ta kwance ƙullinta da hannunta, da wayonta, da haƙurinta, da abin da wahala ta koya mata. Ita ta sha rana, ita za ta sha inuwa.

Awo na biyar, bakin babi. A littafin farko na Magana Jari Ce, aikin aku shi ne ya riƙe Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. In labari ya yi sanyi, yaro ya fice. Kai ne akun, mai karatu ne Musa, kuma ƙofa a buɗe take: ga fim, ga TikTok, ga hira a waje. Marubutan Kano sun gane wannan tun da suke raba littafi na ɗaya, na biyu, na uku. Suna yanke na ɗaya daidai inda numfashi ya tsaya, sai ka ga an koma wurin mai littattafai ana tambayar na biyu ya fito? Masu sakin labari shafi-shafi a waya yau su ma sun san haka. Rufe kowane babi da ƙofa a buɗe: wasiƙar da ba a karanta ba, sallamar da aka ji a zaure, amsar da aka buɗe baki za a bayar. Amma in ka yi alkawari ka cika a babi na gaba, don mai karatu ba ya yafe wa wanda ya ja masa rai a banza. Riƙe shi da gaskiya, zai bi ka har shafin ƙarshe.

Ranar kwasa tana zuwa

Na san akwai wahala, wa zai musa? Takarda ta yi tsada, kuɗin bugu ya hau, caji sai an kai shago, data tana ƙarewa a tsakiyar aiki. Wani zai kwafe guminki ya watsa kyauta ba ko sannu. Wani zai ce, duk wannan rubuce-rubucen me ya kawo maka? Ji shi, ka wuce. Manomin da ya ƙi shuka don tsoron tsuntsu, me zai kai rumbu? Littafin da aka gama yana da ƙofofi: gasa, rediyo, masu shirya fim, manhajojin sayar da littafi, ɗalibin jami'a mai neman abin nazari. Wanda ba a gama ba, ko mai shi ba ya iya nuna shi. Gama tukuna, sauran magana ta biyo baya.

Kuma kada ka tsaya gyara kana tsakiyar zubi. Magini ba ya shafe da fenti alhali bango bai kai linta ba. Rubutun farko bari ya fito yadda ya zo, da karkace da maimaici, kai dai kai shi ƙarshe. In ka sa aya ta ƙarshe, ajiye shi mako 2 ko 3 ya huce. Sannan ka dawo da jan biro kamar manomi ya dawo maimai: cire ciyawa, gyara kunya, duba ko wanda ka kashe a babi na 5 bai dawo yana cin tuwo a babi na 12 ba. Karanta shi da ƙarfi, kunnenka zai kama abin da ido ya tsallake. Duba ƙa'idar rubutu, ɗ da ƙ da ɓ kowanne ya sami ƙugiyarsa, a raba abin rabawa a haɗa abin haɗawa. Ba wa mutum 2 masu faɗin gaskiya su karanta, ka saurare su da zuciya buɗe. Gyara ba ya rage darajar gwani, ƙara masa yake.

'Yan'uwa, ku dubi hannuwanku. Hannun da ya iya auna shadda bai ɓata ko taku ba, zai iya auna babi. Hannun da ya iya zuba adashi shekara guda bai tsallake ba, zai iya cika shafi 2. Kan da ke riƙe bashin mutum 40 ba tare da littafi ba, zai iya riƙe taurari 10. Uwar da ta iya riƙe yara da tatsuniya har su yi barci, ta san inda ake ja da inda ake saki. Miliyoyin masu jin Hausa, daga Kano zuwa Damagaram, daga Sakkwato zuwa zangon Kumasi, suna jiran wanda zai ba su labarin da za su ga kansu a ciki. Wa zai rubuta kasuwarku in ba ku ba? Wa ya san abin da ake faɗa a layin asibiti da ƙarfe 3 na dare in ba ke ba? Wa ya san hirar tasha in ba kai ba?

To yau da dare, kafin ka kwanta, jawo littafin nan daga ƙarƙashin katifa, kaɗe masa ƙura. Ɗauki takarda guda ka amsa tambaya 3: me yake so, wa ya hana, me zai rasa. Rubuta ƙarshen a ƙasa. Yanke mudunka, sa ranar kwasarka, faɗa wa uwar adashinka. Gobe in an sallame asuba, kafin rana ta leƙo, zauna ka yi zubin farko. Jibi ka yi na biyu. Wata rana, in Allah ya yarda, za a miƙo maka littafi mai sunanka a bango, yara suna rige-rigen taɓawa, maƙwabta suna mamaki. Kai ba za ka yi mamaki ba, don ka san kowane shafi da asubar da ta haife shi.

Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a alƙalami. Bismillah, a fara zubi!